Rundunar Yumɓu da Kara: Ƙananan Mayaƙa a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Ƙera ƙananan siffofin mayaƙa da yi musu launi, sannan a jera su sahu-sahu domin kwaikwayon yaƙi, al'ada ce da ta ɓulla a sassa da dama na duniya, kuma a kowane sashe ta ɗauki kamannin yaƙin da mutanen wurin suka sani da kayan aikin da ke kusa da hannunsu. A Turai da Amurka ta girma har ta zama sana'a mai kamfanoni da shaguna da littattafan ƙa'idoji, inda magidanta kan raba dare suna fentin sojojin dalma ko na roba waɗanda tsawonsu bai kai na ɗan yatsa ba. A ƙasar Hausa kuwa ta zauna a hannun yara maza, waɗanda ke gina doki da mahayinsa da yumɓu, su yi masa mashi da tsinke da garkuwa da sakaina. Garuruwan yammacin Kano, irin su Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da Kabo da Garo da Gude da Godiya, wuri ne da ya dace a dubi wannan al'ada, domin ƙasa ce da ta ɗanɗani yaƙin doki na gaske har zuwa farkon ƙarni na 20, sannan ta ga yadda yaƙin ya rikiɗe ya koma hawan sallah, kuma daga wannan hawa ne yaro mai yumɓu ya gaji rundunarsa.

Gwarzo tana kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Dayi da Malumfashi, ƙasarta kuma ta yi iyaka da ta Katsina, yayin da Kabo ke gabas da ita, ta fi kusa da birni. A ƙarni na 19 zaman bakin iyaka irin wannan zaman ɗar-ɗar ne. Bayan masu jihadi sun kori sarakunan Haɓe daga Katsina, zuriyarsu ta kafa sabon mazauni a Maraɗi, daga can kuma suka riƙa kawo hari kudu shekara da shekaru, musamman a zamanin sarkinsu Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarnin, suna ratsa dazuzzukan Katsina har su taɓa yammacin Kano. Shi ya sa garuruwan yankin suka dogara da ganuwa, wato katangar ƙasa mai ƙofofi ƙalilan, da gwalalo, wato ramin da ake haƙawa a bayanta, da kuma sarƙaƙiyar ƙaya da ke hana doki matsowa. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 kuma ta taso a ƙasar Zarewa da ke kudu da Gwarzo, ta ba Mary Smith labarin yadda mahara kan faɗa wa ƙauyuka da rinji su kwashe mata da yara, da yadda dangi kan haɗa kuɗin fansa, an kuma buga labarin nata a 1954. Yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, ya zo ya ƙara wa karkara wahala a kan wadda take ciki.

Rundunar da ta yi waɗannan yaƙe-yaƙe tana da tsari da kamanni da suka daɗe. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, ya kuma danganta dawakin zage da kakaki da figini ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi daga 1463 zuwa 1499. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, sau da yawa ta rimi, a ɗinke ta gida-gida domin ta tare kibiya mai dafi, kuma ana yi wa doki nasa, mahayi nasa. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, kwalkwali kuwa hular yaƙi ce da akan ƙawata samanta da gashin jimina. Masanin tarihi A. D. H. Bivar, wanda ya binciki sulkunan masarautun Arewa ya kuma wallafa sakamakon a 1964, ya nuna cewa da yawansu daga waje aka kawo su ta hanyar Sahara, abin da ke bayyana tsadarsu da dalilin da ya sa ba kowane barde ke samunsu ba. 'Yan lifida, saboda nauyin kayansu, ba su da sauri, aikinsu shi ne fasa sahun abokan gaba da kare sarki; barade masu ƙaramin kaya su ne na kai hari da bin sawu; a ƙasa kuma akwai dakaru masu takobi da garkuwa, da 'yan baka, waɗanda su ne suka fi yawa, da 'yan bindiga da suka ƙaru a ƙarshen ƙarni na 19.

Wannan tsari ya zo ƙarshe cikin 'yan makonni. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji 'yan Afirka sama da 700 da manyan bindigogi 4 da bindigogin Maxim 4, ya fasa Bebeji, wadda ke kudu maso gabas da Kabo, sannan ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato da manyan mayaƙansa. A ƙarshen watan ne wani sashe na rundunar da ke komowa ya haɗu da Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Daga nan doki ya bar fagen fama, amma bai bar fada ba. Turawa sun ga amfanin taron dawaki wajen nuna mubaya'a, suka shirya babban hawa a Kano a 1913, da wani a 1925 domin Yariman Wales, aka kuma yi na Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila. Wani sauyi da ya fi waɗannan tasiri ga karkara shi ne na wajen 1907 zuwa 1908, lokacin da Razdan Cargill ya sake fasalin gundumomi aka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, maimakon zaman birni da aiken jakadu. Hakimi ya tafi da bargarsa da makaɗansa da dogarawansa, saboda haka kwalliyar fada, wadda a da sai wanda ya je birni ke gani, ta zama abin da yaron ƙauye ke kallo sau biyu a shekara, ranar da hakimi ya hau tare da dagatai da masu unguwanni, kafin ko bayan ya je Kano domin hawan Daushe da na Nassarawa.

Abin da yaro ya gani a hawa shi yake mayarwa cikin yumɓu, kuma aikin yana bin yanayin shekara. Da damina da bayanta, lokacin da kududdufai da fadamu ke da laka mai danƙo, akan ɗebo ta a tsince tsakuwa, a cuɗa har ta daina manne wa hannu, wani lokaci a haɗa da ƙasar suri saboda laushinta. Akan fara da gangar jikin doki, a ja wuya da kai daga dunƙule guda domin kada su rabu idan sun bushe, sannan a soka tsinke ko siririn kara cikin kowace ƙafa, tunda ƙafar yumɓu zalla ba ta ɗaukar nauyin jiki. Gwani ba ya haɗe mahayi da doki. Yakan gina shi daban da ƙafafu a buɗe, ya ɗora shi tun yana ɗanye domin ya ɗauki siffar bayan dokin, sannan ya sauke shi su bushe a inuwa, saboda rana mai zafi kan tsattsaga yumɓu tun cikinsa bai bushe ba. Amfanin wannan dabara shi ne doki ɗaya zai iya ɗaukar mahaya daban-daban, kuma mahayin da ya rasa dokinsa a karo ba ya fita daga runduna. Da kaka kuwa, idan an girbe dawa da gero kara ya wadata, aikin kan koma ga totuwa, wato farin cikin kara mai taushi, da ɓawonsa mai ƙarfi da ake tsagawa siri-siri a soka cikin totuwar a maimakon ƙusa.

Launi shi ne inda sanin yaro ke fitowa fili, domin Bahaushe ba ya cewa doki baƙi ko fari kawai. Akwai akawal, baƙi wuluk. Akwai kili, fari. Akwai bidi da hurde masu ɗigo-ɗigo da sirkin fari. Akwai gunya da bikili da aharas, kowanne da irin nasa ja ko ƙasa-ƙasa. Yaron da ya tashi kusa da barga yana rarrabe su tun bai iya karatu ba, kuma yana neman abin da zai fitar da su a jikin yumɓu: farar ƙasa ko alli ko toka domin fari, gawayi ko baƙin tukunya ko tawadar allo domin baƙi, jar ƙasa domin ja, shuni ko bulun wanki domin rawani da riga. Tawadar allo ta fi sauran kamawa saboda ƙaron da ke cikinta. Waɗannan launuka 'yan uwan waɗanda manya ke aiki da su ne, domin dukawan da ke yin kayan doki na gaske sun daɗe suna samun ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, kafin garura, wato rinin kanti, ta shigo kasuwa. Bayan launi sai ƙawa: ƙyallen da tela ya zubar ya zama jalala ko alkyabba, zare ya zama linzami da ragama, gashin kaza ya hau kwalkwali, takardar alawa ko ta sigari mai walƙiya ta zama sulke ko ɗan goshi, murfin kwalba da aka daddale ya zama garkuwa. Da waɗannan ƙananan abubuwa ne ake sauya matsayin mahayi, a mai da barde hakimi ta hanyar naɗa masa rawani da ɗora masa alkyabba, ko a mai da dokin zage na sarki ta hanyar kafa masa laima, kuma abokan wasa ba sa barin kuskure ya wuce, domin kowa ya san rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, ja da kore kuma na dogarai ne.

Ya kamata a lura cewa rundunar da ake ginawa ta hawa ce fiye da ta fagen fama. Ko da an jera ta gaba da gaba da ta wani an yi karo har wani doki ya karye, tsarinta na jerin gwano ne, da sarki a tsakiya da zagage a gaba, ba na kwanton ɓauna ko kewaye gari ba. Haka abin yake a dokin kara, inda yaro ke hawan karan da aka lanƙwasa wa kai aka yi wa ado da tsummoki, har a unguwannin birnin Kano ya zama hawa mai sarkinsa da hakimansa. Da zamani ya kawo wasu alamun iko da arziki, hannun yara ya bi su: motar kara da motar langa-langa sun zo bayan manyan motocin da ke jigilar gyaɗa da auduga, jirgin sama na totuwa kuma ba baƙo ba ne a Kabo, garin da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya sa sunansa a jikin jiragen Kabo Air, kamfanin da ya kafa a 1980.

Dalilin da ya sa wannan fasaha ba ta bi yaro zuwa girma ba yana da alaƙa da fiƙihu. Malaman Malikiyya, wadda ita ce mazhabar ƙasar Hausa, sun tsananta a kan siffar abu mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, amma sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara, bisa abin da aka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa irin waɗannan, har a ruwayar Abu Dawuda an ambaci doki mai fukafukai biyu a cikinsu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya bai hana ba. Saboda haka al'umma ta bar wa yaro dokinsa na yumɓu, ta kuma sa ran zai ajiye shi idan ya kawo ƙarfi. Gwanintar manya ta bi wasu hanyoyi, ta shiga zanen bango da zayyanar allo da aikin riga da dukanci da ƙirar kayan doki, wasan dabarun da manya suka riƙe kuwa shi ne dara, wadda galibi ake yi a gurabe 30 da aka tona a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani da tsakuwa wani da guntayen kara. A dara akwai tarko da toshe hanya da cin abokin karawa, amma ba ɗan dara ɗaya da ke da fuska ko muƙami.

A Turai hanyar ta bambanta tun daga tushe, domin manya ne suka fara abin, kuma domin yaƙi na gaske. A 1812 wani jami'in daular Purusiya ta Jamus, Georg Leopold von Reisswitz, ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wasan yaƙi na kan tebur, ɗansa kuma, wanda hafsan manyan bindigogi ne, ya gyara shi ya buga ƙa'idojinsa a 1824. A wannan wasa ana amfani da taswira ta gaske, da 'yan guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi a matsayin bataliyoyi, da alƙalin wasa mai yanke hukunci, da ƙwayar jefawa irin ta ludo domin shigar da sa'a cikin lissafi. Nasarar Purusiya a kan Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ta sa sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwaye shi. A gefe guda kuma masu zubi a birnin Nuremberg sun daɗe suna yin sojojin kuza na wasan yara, sannan a 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da zubin dalma mai rami a ciki, wanda ya rage nauyi da farashi. Marubuci H. G. Wells ne ya haɗa igiyoyin biyu a littafinsa Little Wars na 1913, shekarar da aka yi babban hawan Kano, inda ya tsara wa manya ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasa da 'yar igwa mai harba tsinken katako. Littafin Donald Featherstone na 1962 da sojojin roba masu araha na kamfanin Airfix sun yaɗa abin a Ingila, kamfanin Games Workshop kuma, wanda aka kafa a Landan a 1975 ya fitar da wasan Warhammer a 1983, ya mai da shi babbar kasuwa.

A wannan sha'awa ana sayen soja ne ba launi, tsawonsa galibi milimita 15 ko 28, mai shi ne zai kammala shi. Yakan kankare layin da mazubi ya bari, ya yi shafen farko da fari ko baƙi ko ruwan toka domin fenti ya kama, ya shimfiɗa launukan tushe, sannan ya zuba tsinkakken fenti mai duhu da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da inuwa, daga bisani ya goga burushi mai ɗan busasshen fenti mai haske a kan wuraren da suka taso. Sai a kafa sojan a ɗan faifai a yi masa ƙasa da yashi da ciyawar roba. Sauya fasali kuwa, wanda masu abin ke ɗauka a matsayin babbar gwaninta, shi ne a yanke kan wannan a dasa wa wancan, a lanƙwasa hannu, a huda a sa waya domin haɗin ya yi ƙarfi, a gina riga ko gemu da wani danƙo mai kashi biyu, rawaya da shuɗi, wanda ke komawa kore idan an cuɗa shi kuma ya taurare cikin sa'o'i. Wayar da ke riƙe hannun sojan dalma da tsinken da ke riƙe ƙafar dokin yumɓu matsala ɗaya suke magancewa, kuma buƙatar da ta haifi sauya fasali a wuraren biyu ɗaya ce, wato rashin samun ainihin mayaƙin da ake so a shirye.

Wannan rashi ya fi tsanani ga mai son rundunar Kano, domin kamfanoni sun fi zuba ƙarfinsu a yaƙe-yaƙen Napoleon da na duniya da na Zulu da na Mahadin Sudan. Wanda ya so 'yan lifida a teburinsa yakan ɗauki mahayan Sudan ko na Larabawan tsakiyar zamani, ya gina wa doki lifidi da danƙo har gwiwa, ya tsaga masa gida-gida da bakin allura tun bai taurare ba, ya ɗaga gaban sirdi da bayansa, ya faɗaɗa likkafa ta zama wangami, ya ja amawali ya rufe baki. Hotunan hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, da kayan yaƙin da ke gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, su ne madogararsa, amma suna iya ɓatar da shi, domin kayan hawa na yau sun sha launukan kanti da ƙyalƙyali da barden ƙarni na 19 bai sani ba, kuma a hawa doki ne ke cika ido alhali a yaƙi 'yan ƙasa ne suka fi yawa. Rundunar da aka cika da 'yan lifida aka manta da 'yan baka ta yi kyau a ido, amma ba ita ce ta tsare Gwarzo ba.

Zaɓen yaƙin da za a kwaikwaya ma yana da nasa nauyi. Masu wasan zamanin mulkin mallaka sun fi karkata ga 1903, saboda a nan ne littattafan Turanci suka yi bayani dalla-dalla, kamar karon da Laftanar Wallace Wright da sojojinsa da ba su kai 50 ba suka yi da mahayan Kano a yankin Kwatarkwashi, wanda ya jawo masa lambar Victoria Cross. Irin wannan karo ba ya ba da wasa mai armashi, tunda ɓangare ɗaya tsayuwa kawai yake yi cikin sahu mai kusurwa huɗu yana harbi, ɗayan kuma yana sukuwa cikin harsashi. Yaƙe-yaƙen da ƙarfi ya zo kusan ɗaya, kuma dabara ta yi aiki, su ne na cikin ƙasa, kamar harin Maraɗawa a yamma da na Ningawa a kudu maso gabas da kuma basasa. Wanda zai shimfiɗa harin Maraɗawa a tebur yana buƙatar ganuwa da ƙofa da gwalalo da sarƙaƙiya, da gonakin dawa da ke ɓoye mahara da kaka, da mai tsaron da zai buga kuge ko ganga, da ƙa'idar da za ta auna ko manoma za su kai ƙofa kafin dawaki su cim musu. Yana kuma buƙatar ya gina shanu da mata da yara ya yi musu launi da kulawar da ya yi wa barade, domin a irin wannan hari ba a ƙidaya nasara da filin da aka kama, da yawan mutane da dabbobin da aka kora zuwa arewa ake ƙidaya ta.